Kan Sukari a Zauren Alhaji Labbo

"Garin kuka!" Gwaggo Azumi ta sake faɗa tana tafa hannu. "Garin kuka da busasshiyar kuɓewa, Ummuhani! Da gero, sai ka ce tantabaru aka zo ciyarwa. Wannan ce gaisuwar surukai a wurin mutanen Parakou?"

Ummuhani ba ta ɗago kai ba. Ta ci gaba da fifita gawayin shayin mahaifinta, hayaƙi na shiga idonta, ita kuma ta bar shi ya shiga, don ko banza ya ba ta dalilin hawaye.

Sati guda ke nan ana wannan magana a gidan. Gwaggo Azumi, ƙanwar mahaifinta ce, kuma irin matan nan ne da idan suka kama zance sai sun ga ƙashinsa.

Gidan Alhaji Labbo gidan goro ne tun kakanni. Duk Djougou an san zaurensa, inda ake sauke huhunan goro ana ɗaure wasu. Saboda haka ba a kawo goro neman aure a gidan, wa zai kai wa kogi ruwa? A da saurayi zuma yake kawowa. Da kantuna suka yawaita sai abin ya koma kan sukari, irin mai tsini ɗin nan da ake naɗowa a shuɗiyar takarda, wanda sai da 'yar guduma ake fasa shi.

Dokar gidan kuwa ba ta da kwana. Ranar Juma'a, a gaban shaidu, yarinya za ta fasa kan sukarin saurayi da hannunta, ta zuba a shayi, ta miƙa wa uba. Idan ya sha, magana ta zauna. Idan kuwa aka ɗauki kayan aka haye da su dokin ƙofa aka ajiye a waje, saurayi ya nemi takalmansa, kada ya waiwayo. Ba a taɓa jin kayan da suka fita sun dawo ba.

To, Idrisu, telan unguwar Zongo ta Parakou, wanda Ummuhani ta ba zuciyarta shekara biyu da suka wuce, shi ne ya zo gaisuwa da gero da kuka.

"Bai tsaya nan ba," in ji Gwaggo, ta gyara zama. "Wai har da buɗe baki ya ce wa Yaya ya rage zaƙi, ya je asibiti a auna shi. Ka zo neman 'yar mutum, ka ce masa mara lafiya ne! Shi likita ne? Ba keken ɗinki yake takawa ba?"

"Gwaggo, ba raini ba ne."

"To mene ne? Rowa? Zaɓi ɗaya, duk cikinsu babu na yabo."

Ummuhani ta sauke butar shayin.

"Dubi Usuman Dogo," Gwaggo ta ci gaba, muryarta ta yi laushi kamar an zuba mata mai. "Kamiyo biyu gare shi, manyan motocin kaya, a hanyar Cotonou. Duk saukowa sai ya aiko wa Yaya kwalin madarar gwangwani, da buhun farar shinkafa, da sukari. Bai ma shigo da magana ba tukuna, ladabi ne kawai. Ke kuwa kin zauna, ƙannenki duk sun haihu, kina jiran mai kuka."

Gaskiya ce, ƙannenta sun haihu. Tun rasuwar mahaifiyarsu ita ta riƙe gidan, ita ce girki, ita ce wanki, ita ce cika wa Baba butar ruwan da yake shanyewa kafin gari ya waye, ta kuma cika wata. Ta gaji gajiyar da barci ba ya warkarwa. Abu ɗaya take ɗaga ido ta hanga ta ji sanyi, ɗan ɗakin da Idrisu ya kama a Parakou, ya ce ya shafe shi da farar ƙasa saboda ita.

Daga zaure aka yi gyaran murya.

"Uwata! Shayin nan sai an je Gwanja an ɗauko shi?"

Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka bai taɓa kiran sunanta ba, sai Uwata. Ta ɗauki faranti ta nufi zaure.

Alhaji Labbo na kishingiɗe a kan buzu, ga burodi a gefe, ga gwangwanin madara an huda shi. Mutum ne mai jiki a da, amma a 'yan watannin nan rigunansa sun fara yi masa yawa, duk da cin da yake yi. Ya jefa dunƙulen sukari a kofi, ya ƙara wani, ya tsiyaya madara har shayin ya yi kauri.

"Zauna, Uwata."

Ta durƙusa.

"Ni ba na yi wa 'ya'yana dole, kin sani. Amma ba na haɗiye raini. Kayan yaron nan suna can lungu, ban karɓa ba, ban mayar ba, saboda ke. Ki aika masa. Juma'a mai zuwa ya dawo da abin da kowa ke kawowa, ya gaishe ni kamar ɗan mutane. In ya yi haka, na manta. In bai yi ba, mutanen Dogo sun nemi izinin zuwa, kuma ba zan tsare ƙofa ba."

"To, Baba."

Ya kurɓi shayin, ya lumshe ido don daɗi.

*

Yayarta Rabi'a na aure a Ganou, wata unguwa ta Parakou, don haka ba a yi mata wuyar barin zuwa Parakou ba. Ta hau motar goro, ta sha girgiza da jar ƙasa rabin yini. Ko hutawa ba ta yi ba ta yafa mayafi ta nufi Zongo.

Shagon Idrisu na bayan masallaci, ɗan ƙarami, ya cika da ƙyallaye. Yana taka keke da ta yi sallama. Ƙafarsa ta tsaya cak.

"Ummu! Lafiya? Yaya jikin Baba?"

"Ka ga irin halin naka," ta ce tana zama a kan benci. "Ban sha ruwa ba, ba ka tambayi nawa jikin ba, sai na Baba."

Ya yi murmushi ya miƙo mata moɗa. Ta sha, ta faɗa masa saƙon kamar yadda aka ba ta, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba.

Murmushin ya ɓace daga fuskarsa.

"Kan sukari," ya ce a hankali.

"Guda biyu kacal, Malam Idi. A kowane kanti akwai."

"Na san inda ake sayarwa."

"To me ya hana?"

Ya ɗan jima yana murza zare a yatsa. Sannan ya sunkuya, ya jawo wani abu daga ƙarƙashin tebur, naɗe a tsumma. Ya warware. Takalmin mace ne, ƙafa ɗaya, na hagu, ko goge ƙasansa ba a yi sosai ba.

"Na faɗa miki mahaifiyata, Inna Iyatu, ta rasu bayan jinya. Ban faɗa miki yadda aka yi ba."

"Ba sai ka faɗa ba."

"Sai na faɗa. Fanke da alewa take sayarwa a bakin tashar jirgi. Abin da ya rage na kasuwa shi ne abincinta. Da safe shayi da madara da burodi, da yamma haka. Ta ce ta gaji da daka, ta gaji da tuƙa tuwo, duniya ta ci gaba. Kuma duk mai ƙaunarta da zaƙi yake zuwa gaishe ta, don an san abin da take so ke nan."

Ya ajiye takalmin a kan keke.

"Sai ƙishirwa ta fara. Ta sha ruwa, ta zaga, ta dawo ta sha. Tana ci tana ramewa. Muka ce aiki ne. Kiyashi suka riƙa taruwa a inda ta yi fitsari, muka ce sammu ne, aka yi ta rubutu ana sha. Idonta ya fara hazo. Daga baya ta daina jin ƙafafunta, har tana dariya, wai sanyin damina ya daina damunta."

Ummuhani ta sunkuyar da kai. Ta tuna butocin ruwan da take cikawa.

"Ɗan ƙaramin ciwo ne ya fito mata a yatsa, bai kai ƙwayar gero biyu ba. Ya ƙi warkewa. Da muka kai ta asibiti, likita ya duba ya ce *diabète* ne, ciwon sukari, ya daɗe yana cin ta a ɓoye. Ya ce da an zo da wuri, da an ba ta magani, ta bar zaƙin nan ta koma tuwon dawa da miyar ganye, ta riƙa motsa jiki, da ta ga jikokinta. Ranar da aka yanke ƙafar ta ce in ajiye mata wannan, sabo ne, kada a yar. Ba ta kai azumi ba."

"Allah ya jiƙanta," Ummuhani ta ce.

"Amin. Ranar da na fara zuwa gaishe da Baba, muna zaune ya shanye buta guda, ya tashi ya zaga sau nawa ban sani ba. Na dubi wuyan rigarsa, ni tela ne, na san rigar da aka ɗinka wa mai ƙiba. Ummu, Inna na gani zaune a kan buzun nan. Shi ya sa na kawo abin da na kawo. Ban iya magana ba, na sani. Amma da wane hannu zan ɗauki sukari in miƙa masa?"

Sai ta fashe da kuka. Ba irin kukan shagwaɓa ba, kukan wadda ta daɗe tana riƙewa.

"Kana ganin ban gani ba ne? Ni nake kwana da shi a gida ɗaya! Na yi magana, ya ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na ɓoye madara, Gwaggo ta tono. Ko ka kawo ko ba ka kawo ba, zai sha, Malam Idi. Dogo na sauke masa kwali-kwali. Taurin kanka ba zai rage masa ko cokali ɗaya ba, ni kaɗai zai rage maka."

"Ummu…"

"Bari in gama. Idan muka yi aure ka zama ɗansa, wataƙila ya ji maganarka. Idan Dogo ya zama surukinsa, wa zai hana? Kofi ɗaya ne. Kofi ɗaya ya sha a gaban mutane, *c'est fini*, shi ke nan."

"Ba kofi ɗaya ba ne. Ranar da na kawo, na janye maganata ke nan. Na tsaya a gaban shaidu na ce masa lafiyarsa lau, ni ne na yi rashin kunya. Bayan nan ko na yi shekara ina roƙo, zai ce ai kai ma ka kawo."

Ta share ido da gefen mayafi, wasu suka sake zubowa.

"Na gaji," ta ce. "Wallahi na gaji. Na gaji da Gwaggo, na gaji da hayaƙi, na gaji da zama tsakaninka da Baba kamar tsumman da ake ja. Ban taɓa roƙonka komai ba. Yau ina roƙonka. Idan kana sona, ka kawo."

Daga masallaci aka fara kiran la'asar. Idrisu ya dubi takalmin, ya dube ta. Ya naɗe shi a tsummansa ya mayar ƙarƙashin tebur, kamar mai ɓoye fuskarsa ga wani.

"*D'accord*," ya ce. "Zan kawo."

Ta samu abin da ta zo nema. Amma har ta koma Ganou zuciyarta ba ta yi mata daɗi ba.

*

Da ta dawo Djougou sai ta shiga lungu ta ɗebo geron Idrisu da kukarsa. Ta surfa, ta daka, ta tuƙa tuwo mai laushi, ta kaɗa miya da daddawa da busasshen kifi, ƙamshi har maƙwabta.

Alhaji ya buɗe kwano ya leƙa, ya rufe.

"Wa ya mutu?"

"Babu kowa, Baba. Na ce ko za ka ɗanɗana, ka daɗe ba ka ci ba."

"Uwata, na ci rabona na wannan a hanyar Gwanja. Da ƙafata na taka, ina bin jakuna, fura da tuwo, tuwo da fura, har na manta ɗanɗanon wani abu. Yanzu ƙasa ta samu 'yanci, ni ma cikina ya samu nasa. Kawo min shinkafa da mai."

Ta so ta ce masa a wancan zamani ƙafa ke ƙone abin da ciki ya ci, yanzu kuwa kamiyo ke kawo goro har ƙofa, shi daga buzu sai masallaci. Ba ta ce ba. Ta ɗauke kwanon.

Ranar Alhamis ce abin ya faru. Ya dawo daga sallar azahar ya cire takalmansa a bakin zaure. Ta zo za ta kawar da su gefe, sai ta ga cikin na dama ya yi baƙi, ya jiƙe. Ta juya shi. Ƙusa ce ta huda ƙasan, kanta ya leƙo ciki.

"Baba, mu ga ƙafarka."

"Me ya sami ƙafata?"

Ta durƙusa ta ɗaga ta. A tafin akwai rami, gefensa ya yi fari ya kumbura, ba na yau ba ne. Wani wari mara daɗi ya bugi hancinta.

"Tun yaushe kake taka wannan?"

Ya leƙa, ya yi dariya har da buga cinya.

"Ikon Allah! Kin ga ƙafar fatake? Ƙusa ta shiga ba ta nemi izini ba, ƙafa kuma ba ta kula ta ba. 'Yan zamani da ƙaya ta soke su sai a kwana ana jinya."

"Ba ka ji zafi ba?"

"Ko kaɗan. Sa min man kaɗe ki ɗaure."

Ta wanke da ruwan gishiri. Tana wankewa tana satar kallon fuskarsa, ko zai yamutsa, ko zai ce wash. Shi kuwa hira yake da wani dillali a kan farashin jan goro.

Da ta zaga zubar da ruwan, ta tsaya a gindin katanga inda yakan tsuguna. Layin kiyashi ne, baƙi wuluk, daga ramin bango har wurin. Ta daɗe tana kallonsu da kwano a hannu.

*

Juma'a bayan an sauko masallaci zaure ya cika. Ga limamin unguwa, ga dillalai biyu abokan Alhaji, ga Gwaggo Azumi a bayan labulen ƙofar cikin gida, ido ɗaya a waje. A ƙarƙashin bishiyar mangwaro kuwa, can tsallaken hanya, kamiyon Dogo na tsaye, mutanensa na zaune a inuwa wai hutawa suke yi. Kowa ya san abin da suke jira.

Idrisu ya shigo da kawunsa Ɗanbala. Suka cire takalma, suka zube suka yi gaisuwa. Kawu Ɗanbala ya ba da haƙuri, ya ce yaro ne, maraya ne, ciwon sukari ya ɗauke masa uwa, ba shi da mai nuna masa. Sannan ya tura faranti gaba, ya yaye ƙyallen da ke kai.

Kan sukari biyu, manya, a shuɗiyar takarda.

Fuskar Alhaji ta washe.

"Madalla! Ai ɗa na kowa ne. Wanda ya yi kuskure ya gyara, ya fi wanda bai taɓa yi ba. Uwata! Kawo wuta."

Ummuhani ta fito da murhun gawayi, butar shayi na tafasa a kai. Ta ajiye kusa da buzun mahaifinta. Ta koma ta ɗauko kofi da 'yar gudumar tagulla, wadda yayarta ta riƙe, ƙannenta biyu suka riƙe a nan zauren. Ta durƙusa a gaban farantin.

Ta warware takardar. Sukarin ya fito fari fat yana ƙyalli.

Bugu ɗaya ne tsakaninta da ɗakin nan mai farar ƙasa. Bugu ɗaya, ta huta da gorin Gwaggo, ta huta da idon Dogo, ta zama matar mutumin da ya karya ransa saboda ita.

Ta ɗaga gudumar.

Sai ta saci kallon Idrisu. Bai dube ta ba. Idonsa na kan ƙafar Alhaji, wadda ke miƙe a kan buzu, ɗaure da tsumma, tsumman ya ɓaci da wani ruwa rawaya. Leɓensa na motsi kaɗan, ba ta san ko addu'a yake ba ko haƙuri yake ba mahaifiyarsa.

"Bismillah mana, Uwata," in ji Alhaji. "Shayi zai huce."

Hannunta ya sauko a hankali. Ta ajiye gudumar a kan tabarma.

Ta ɗauki farantin da hannu biyu ta miƙe.

"Ke!" Gwaggo ta ce daga bayan labule. "Ina za ki?"

Ta ratsa tsakanin liman da dillalai, ta haye dokin ƙofa, ta ajiye farantin a ƙasa, a rana.

Kawu Ɗanbala ya ce, "Inna lillahi."

Ta dawo, ba ta dubi kowa ba, ta shige cikin gida. Gwaggo ta fara murmushi a ɓoye, tana tsammanin yarinya ta yi hankali ta zaɓi mai kamiyo. Sai ga Ummuhani ta fito tana jan kwalin madarar Dogo, gwangwanaye na ƙara. Ta fitar da shi. Ta koma ta rungumo ragowar sukarinsa. Ta fitar. Mutanen da ke ƙarƙashin mangwaro suka miƙe tsaye.

"Ta haukace!" Gwaggo ta ɗora hannu a ka. "Yaya, an yi wa yarinyar nan asiri!"

Ummuhani ta dawo ta durƙusa a gaban mahaifinta. Numfashinta na fita da ƙyar.

"Kin san ma'anar abin da kika yi?" Muryar Alhaji ta yi ƙasa, abin da ya fi tsawarsa ban tsoro.

"Na sani, Baba."

"Kin san abin da ya fita ba ya dawowa?"

"Na sani."

"Ke kika ce kina son yaron nan. Saboda ke na haɗiye abin da na haɗiye."

"Ina sonsa, Baba," ta ce, hawaye na bin kuncinta, a gaban liman, a gaban kowa, kunya ta ƙare mata. "Wallahi ban taɓa son wani ba. Ni na je har Parakou na tilasta shi ya kawo, bai so ba. Amma ba zan ba ka sukarin nan da hannuna ba. Gara in tsufa a gidan nan ba aure, da in binne ka da ƙafa ɗaya."

Kawu Ɗanbala ya taɓa kafaɗar Idrisu.

"Taso. An sallame mu."

Idrisu ya miƙe. Ya isa bakin ƙofa ya zura ƙafa ɗaya a takalmi. Bai waiwayo ba, haka doka ta ce.

"Ummuhani!"

Duk zauren ya girgiza. Tun da aka haife ta ba a taɓa jin sunan nan a bakin Alhaji Labbo ba. Ya yunƙura ya miƙe tsaye, bakin babbar rigarsa ya kama murhun, ya kifar. Buta ta yi gefe, garwashi ya watse a kan daɓe. Dillalai suka ja baya suna kakkaɓe riguna.

Shi bai ko duba ba.

"Ni za ki kunyata a zaurena? Ni za ki yi wa fatan yanke ƙafa? Ƙafar nan ta je Gwanja ta dawo kafin a haifi uwarki! Kullum ciwo, ciwo, ciwo! Ina ciwon yake? Ku nuna min! Mutumin da ke ci yana sha yana zuwa masallaci da ƙafarsa…"

A bakin ƙofa Idrisu ya ɗaga kai. Ya shaƙi iska. Ya san warin nan, ba na tabarma ba ne, ba na riga ba.

Ya waiwayo.

"Baba, ɗaga ƙafarka."

"Kai kuma a wa? Ba ga kayanka can a waje ba?"

"Don girman Allah, Baba, ɗaga ƙafarka ta hagu!"

Liman ne ya fara gani, ya yi salati. Sannan kowa ya gani. Wani siririn hayaƙi na fitowa daga tsakanin yatsun Alhaji. Lafiyayyar ƙafar, wadda ba a ɗaure ba, tana tsaye daram a kan jan garwashi.

Alhaji ya sunkuya ya duba. Ya daɗe yana dubawa, kamar ƙafar wani ce aka ajiye a gabansa.

Kafin kowa ya motsa Idrisu ya tsallako da takalmi ɗaya a ƙafa, ya rungume tsohon ya zaunar da shi a kan buzu, ya fizgi butar alwalar liman ya juye a kan ƙunar. Ummuhani ta riƙe ɗaya gefen.

Ba a ji wash ba. Abin da take ta jira ke nan tun jiya, har yanzu bai zo ba.

"Uwata," Alhaji ya ce. Muryarsa ta koma ƙarama, irin ta yaro da ya ɓata a kasuwa. "Ban ji ba. Wallahi ban ji komai ba."

Gwaggo Azumi ma, yau ɗaya, bakinta ya mutu.

Tsohon ya juya ya dubi telan da ke durƙushe da ƙafarsa a kan cinya.

"Yaro. Mahaifiyarka… da haka ta fara?"

Idrisu ya gyaɗa kai, ya sunkuyar.

Daga bakin ƙofa Kawu Ɗanbala ya yi gyaran murya, yana riƙe da ɗaya takalmin.

"Idrisu, taso mu kama hanya. Kaya sun fita, ba mu da sauran zama a gidan nan."

Idrisu ya ajiye ƙafar a hankali a kan buzu. Ya yunƙura zai tashi, ya kasa. Ummuhani ta share ido ta duba.

Hannun Baba ne ya damƙe hannun rigarsa, kuma bai saki ba.